Zakara a Damtsen Torgny

Shekara shida muka yi muna raba shago ɗaya da Majken a bayan kasuwar Möllan, a birnin Malmö. A da wurin gyaran kekuna ne. Ɗakin gaba nata, nan kujerarta take da allurai da kwalaben tawada, tana yi wa mutane zane a jiki kwana uku a mako don ta samu na abinci. Ɗakin baya nawa, ni da tsohon injin buga takardu mai ƙara kamar tarakta. Sauran kwanakin labaran zane take yi, in buga mata su a 'yan ƙananan mujallu, mu ninke da hannu, ta zuba a jakar baya ta kai bajekoli. Ba ta taɓa zana mutum da siffar mutum ba, kowa dabba take mayar da shi.

A fitowa ta goma sha ɗaya ta zana wani zakara da matarsa bushiya. Shafi ashirin da huɗu, babu magana ko ɗaya a ciki, sai ƙarar kujera da ta faɗi, da kwanon da ya fashe, da fito da zakaran yake yi a kan bene kafin ya buɗe ƙofa. Maƙwabtanta ne, Torgny da Solveig. Shekara biyu tana jin su ta bango. Lokacin da nake bugawa na ce mata, "Majken, labulen nan mai hoton lemo fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar gidanku zai gane tagar."

"Wa yake karanta mujallata in ba mutum ɗari biyu masu gashi kore ba?" in ji ta.

Wani ya bar kwafi ɗaya a ɗakin wankin gidansu, Solveig ta tsinta. Ta hau bene ta buga wa Majken ƙofa, ta zage ta tas. Bayan mako uku kuma sai ga ta a ƙofar shagonmu da jaka ɗaya, leɓenta a kumbure. Kwana huɗu ta yi tana kwana a kan katifa kusa da injina. Ba ta iya zama haka kawai, sai ta riƙa taya ni ninke takardu. Ranar Alhamis ɗin da nake ba da labari, jirgin ƙasan da zai kai ta wurin yayarta a arewa zai tashi ƙarfe uku da minti goma.

Ƙarfe biyu Majken tana da baƙo, wani Lasse da ya kama lokaci ta saƙo. Muna baya ni da Solveig muka ji ƙararrawar ƙofa, muka ji an karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa, an cire takalmi an jera a hankali.

"Sannu, maƙwabciya."

Takardar da ke hannun Solveig ta faɗi. Ban taɓa jin muryarsa ba, amma fuskarta ta gaya mini ko wane ne. Tsakaninmu da shi ƙofar katako ce siririya wadda ko sakata ba ta da ita.

"Ai kai ba Lasse ba ne," in ji Majken.

"Da na ba da sunana za ki ba ni lokaci?" Muryarsa mai laushi ce, kamar ta mai sayar da inshora. Na ji ya ajiye wani abu a kan tebur. "Kin iya zane, ba ƙarya. Har tabon haɓata kin sa wa zakaran. Abokan aikina a tashar jiragen ruwa sun sha dariya. Ina matata?"

"Ban sani ba."

"To. Wa ke ciki?"

"Ebbe ne, mai buga mini takardu. Aiki ya yi masa yawa, kuma ba ya son mutane."

"Bari in gaishe shi mana."

Na ji takunsa, ɗaya, biyu. Na duba abin da ke kusa da hannuna, babu sai almakashi. Sai Majken ta ɗaga murya, irin yadda take yi wa samarin da ke zuwa mata da giya a ciki.

"Kai, zane ka zo yi ko zagaye? Na hana mutum biyu wannan lokacin saboda kai. In za a yi, tuɓe riga ka zauna. In ba za a yi ba, ga ƙofa."

Sai ya yi 'yar dariya.

"A yi mana. Wannan nake so, na shafi na tara. A nan, damtse. Tunda kin ce ni ne, sai ki sa mini shi."

Kujerar ta yi ƙara da ya zauna.

Jakar Solveig tana baya tare da mu, da wayarta mai tikiti. Amma rigar sanyinta da jajayen takalmanta suna gaba, a bakin ƙofa. Na cire nawa takalman, na cusa guntayen takardu a ciki don su kama ƙafarta, na yafa mata rigata. Ƙofar baya mai fita tsakar gida ta ƙarfe ce, sakatarta kuwa in an ja, har mai shagon gasasshen naman kebab da ke maƙwabtaka yana ji. Na loda takarda na kunna injin, ko duba shafin da ke kai ban yi ba. Da ya fara rugugi na sa kafaɗa na ja sakatar.

A tsakar gida ta tsaya, ƙanƙara tana sauka a gashinta. Na miƙa mata makullin kekena.

"Bari in kira 'yan sanda," na ce.

"Sai jirgina ya tashi. In suka zo yanzu, nan zan tsaya ina ba da bayani yana kallona. Ka ji ni, Ebbe? Sai ya tashi."

Ta hau keken da ya fi ƙarfinta, ta fita ta lungu. Agogo ya ce biyu da minti ashirin da biyar. Na mayar da sakata, na ninke katifar na tura bayan kwalaye, na ɗauki butar kofi na tura ƙofar ɗakin gaba.

Ƙaton mutum ne, gashin ƙirjinsa ya fara furfura. Yana kwance a kujera, hannunsa a miƙe, Majken ta sunkuya a kai da baƙar safar hannu, injin allurarta yana kuka kamar sauro. Ta riga ta fitar da tsefen zakaran da bakinsa. Layinta bai karkace ko kaɗan ba, amma bayan wuyanta ya jiƙe da gumi.

"Ga kofi," na ce.

"Na gode, Ebbe," in ji shi, kamar mun saba. Ya juya wajen Majken. "Kin san abin da ya fi ba ni mamaki? Shekara biyu kina ji ta bango, a cewarki. Ko sau ɗaya ba ki ƙwanƙwasa ba. Ba ki kira kowa ba. Kin zauna kina fiƙe fensir."

Allurar ta tsaya na daƙiƙa ɗaya, ta ci gaba.

"Kar ka motsa," ta ce.

"Ni aƙalla ina sonta. Ke fa? Shafi ashirin da huɗu kika samu."

Ta goge tawada da jini, ta tsoma allura, ta koma kan ido. Na lura da gangan take jan aikin. Zanen da take gamawa a minti ashirin, ta tsaya tana ƙawata kowane gashi. Ni kuwa na jingina da bango yadda jikina zai kare wurin rataye riguna, ina zuba kofin da babu mai sha. Uku saura kwata. Uku saura minti biyar. Injina yana ta aman takarda a baya.

Takardar ce ta ƙare. Injin ya yi tari ya tsaya, shagon ya yi tsit, na juya kaina ba tare da na sani ba, na matsa taku ɗaya. Idonsa ya sauka a bakin ƙofa.

"Takalman can na wa ne?"

"Nawa," in ji Majken.

Ya dubi ƙafafunta, ya ga tana sanye da nata takalman. Sannan ya dubi nawa, ya ga safa kawai, ɗaya ma a huje.

Da ɗaya hannun ya cafke wuyan hannunta, allurar tana kuka a sama da fatarsa. Na ɗaga butar, ban san me zan yi da ita ba.

"Sake ni," in ji Majken, a hankali ƙwarai. "Ka ga kyamarar can a saman madubi? Tun shigowarka take ɗauka, da sunan ƙaryar da ka bayar. Sake ni, Torgny."

Kyamarar ta shekara biyu da mutuwa, mu biyu mun sani. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe. Sai ya saki hannun, ya tashi, ya ture ni gefe ya banka ƙofar ɗakin baya. Na ji yana ture kwalaye. Na ji ya ja sakatar, ta yi ƙararta, iska mai sanyi ta shigo har inda muke. Majken tana tsaye da allura a hannu, ta kasa kashe ta.

Wayata ta girgiza a aljihu. Na zaro ta rabi na leƙa. Saƙon Solveig ne, kalma biyu: "Ya tashi."

Ya dawo, jini da tawada suna gangarowa daga damtsensa zuwa gwiwar hannu. Zakaran yana da kai da ƙirji, babu ƙafa, babu wutsiya. Ya sa rigarsa a kan ciwon haka nan, ya zauna a benci ya ɗaure igiyar takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sauke rigar Solveig daga maratayi, ya ninke ta da kyau, ya ɗauki jajayen takalman ya rungume.

"Sai mun haɗu a bene, maƙwabciya," ya ce.

Da ƙofar ta rufe Majken ta yi amai a wurin wanke hannu. Ni na kira 'yan sanda. Suka zo, suka rubuta, suka ɗauki hoton shatin yatsunsa a hannunta. Majken ba ta sake kwana a gidanta ba. Ni da wasu abokai biyu muka kwaso mata kaya ranar da muka tabbatar yana wurin aiki. Kwafi sittin da suka rage na mujallar ta kawo mini da kanta, ta tsaya a kaina har na gama datsa su da wuƙar yankan takarda.

A watan Mayu Solveig ta bugo waya shago. Majken ta sa a lasifika saboda hannunta da tawada. Solveig ta ce ta samu aiki a kicin ɗin wata makaranta, kotu kuma ta hana Torgny kusantarta.

"Da kin tambaye ni kafin ki buga mujallar, da na ce a'a," in ji ta. "Kuma da har yau ina can. Ban san yadda zan yi da wannan ba. Ban yafe miki ba tukuna, Majken, ina so ki sani."

"Na sani."

"Kuma abin da ya faru a shagon, kar ki zana shi."

"Ba zan zana ba."

Ba ta zana ba. Wata bakwai ta yi ba ta kawo mini ko shafi ɗaya ba, sai zanen jiki kawai, furanni da macizai da sunayen karnukan mutane. Da ta dawo, labarin mahaifiyarta ta kawo, kuma sai da ta je garin Lund ta zauna da tsohuwar suka duba shi shafi-shafi kafin ta bari na ɗora a inji.