Jan Biron Malam Pyo

"Waɗannan kalmomi biyu ne, ba a haɗe su," in ji Malam Pyo, yana jan layi a takardar abincin da na liƙa a bango.

"Ka sha romonka ko ka fita," na ce. "Tsoho sai shisshigi."

Shekara goma sha tara muna haka. Ni ina sayar da romon ƙashi a ƙasan wani bene a Daegu, shi yana ɗaki guda a samana. Gyaran nahawu yake yi wa masu buga littattafan makaranta, har suka sallame shi. Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma ba zan yi ƙarya don ƙasa ta rufe idonsa ba. Katin bikin 'yata ma sai da ya dawo min da shi da gyara uku.

Ƙaninsa Deok-man manaja ne a banki, kuma nan ciwon yake.

"Ni na koya wa yaron nan riƙe biro," yakan ce. "Da a ce nahawu yana kawo abin da banki ke kawowa, da benen nan nawa ne. Ke zan fara kora."

"Da ka ga wanda zai ba ka romo."

"Kin taɓa jin maganarsu a bankin? Kalmar girmamawa da ake yi wa dattijo, ita suke liƙa wa kuɗi. Wai kuɗi sun sauka lafiya. Kuɗi kakansu ne?"

Da sanyi ya shigo, hantarsa ta kwantar da shi. Na riƙa hawa da kwano, ina haki ina zaginsa a matattakala.

"Ci," na ce masa wata ranar Lahadi. "Kar ka mutu a samana ka kore min masu ciniki."

Idonsa ya yi rawaya, amma bakin yana nan. "Kare ke mutuwa, Maman Hye-rin. Mutum rasuwa yake yi." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro jan biron. "Deok-man ne zai rubuta sanarwar rasuwata. Ki duba min ita."

"Ni baiwarka ce?"

"Ba ki iya rubutu ba, na sani. Amma ba ni da kowa."

Don haushi na fizge biron na jefa a aljihu. Ko sallama ban yi masa ba.

Ranar Talata aka fitar da gawarsa. Da la'asar Deok-man ya zo da baƙar kwat, ya liƙa takarda a ƙofar benen, waya na kunnensa. Ina yankan albasa ina jin sa. "Ranka ya daɗe, ai kuɗin sun sauka lafiya," yana faɗa har da rusunawa.

Na goge hannu na fito. Layi ɗaya ne: Pyo Deok-su ya mutu ranar Talata, za a share ɗakinsa Juma'a.

Raina ya ɓaci yadda ban zata ba. Na ciro biron, na soke kalmar, na rubuta "rasu" a samanta. Rubutun ya karkace.

"Iya, lafiya? Takardata ce fa," in ji Deok-man.

"Yayanka ne," na ce. "Kuɗi sun sauka lafiya, shi kuma ya mutu? Ko kunya ba ka ji."

"Duk ai ɗaya ne."

"Taɓa ta ka gani. Da ludayi zan bi ka."

Ya dube ni, ya dubi ludayin da ba ya hannuna, ya shiga motarsa.

Na koma shago. Takardar abincin tana nan a bango, tururi ya cinye rabin jan layin. Na tsaya ina kallon kalmomin nan biyu da suka shekara goma sha tara a manne, biron a hannuna, romo yana tafasa a bayana.