Shamuwar Badaru

"Wanga baƙin abu mi na?" in ji Lawwali, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, yana latsa kyamarar maƙwabcina Badaru.

"Tsuntsu na," in ji Badaru.

"Tsuntsu ba ido, ba gashi?"

Na leƙa. Gaskiya ni ma ban ga tsuntsu ba. Sama ce fara, da wani baƙi a tsakiya kamar tawada ta ɗiga a allo. Badaru tsohon mai hoton biki ne. Da ya tsufa sai ya koma bin tsuntsaye a bakin dam ɗin Goronyo. A wannan zamani kuwa, mai ɗaukar hoto kusa da daji, ana cewa 'yan bindiga ne suka aike shi leƙen asiri. Lawwali ya tafi da kyamarar. Mutane suka daina zama a tabarmar Badaru.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Zubaida ta same ni.

"Baba, an ce ko ya cika ba mai tsaya mai salla."

Na je na roƙi Lawwali ya maido wa Badaru kyamararsa. Ya kawo kyamarar da kansa, ya tsaya bakin zaure yana kallonmu.

Badaru na kwance a tsakar gida, hantsi ya ɗaga, shamuwa ta sauka kan rimi. Hannunsa ba ya ɗaguwa, sai ya ce ni in ɗauki hotonta.

"Hasken sama ka ruɗa kyamara, sai ta runtse ido, tsuntsu ya fito baƙi. Da can sauri nika yi, tsoron mutane. Murza wagga 'yar taya, ƙara mata haske."

"Sama ta ɓace, Badaru."

"Bar ta ta ɓace. Ba ita muka so ba."

Na danna. Bai nemi ya gani ba. Kafin azahar ya cika.

Da aka fito da gawa, mutane suka yi cirko-cirko suna duban Lawwali. Na miƙa masa kyamarar. Ga shamuwa a hoton, cikinta fari, jan fata gefen ido, har da wani gashi guda da ya karkace.

Ya daɗe yana kallo.

"To bayanta fa? An shafe komi."

"Sama ta, Lawwali."

Ya ɗaga kai ya dubi rimin, ya sake duban hoton. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya tsaya a ƙarshen sahu, kyamarar na rataye a wuyansa.