Shirun Dokas

Titus kafinta ne a Iku, mutum mai sanyin hali. 'Yarsa ɗaya tak, Dokas, mai shekara bakwai. Tun ranar da tirela ta take mahaifiyarta a kan idonta, a bakin titin Zuma inda take gasa masara, yarinyar ta daina magana. Sai dai ta zauna ta ƙura wa bango ido. Wani lokaci ta yi fitsari a zaune ba ta ma sani ba.

Wata biyu ana haka, wani abokin aikinsa ya kai su wurin addu'ar wani mutum da ake ce wa Annabi Elisha, a wata rumfar kwano a bayan gari. Kallo ɗaya Elisha ya yi wa yarinyar.

"Ɗan'uwa, ba 'yarka ce ke kallona ba," in ji shi. "Mugun ruhu ne. Shi ya cinye uwarta, kai ne na gaba."

Titus ya gaji da tambayar kansa abin da ya sa matarsa ta mutu, yau ga wanda ya ba shi amsa.

Kwana uku aka hana Dokas abinci. Rana ta uku da hantsi aka kwantar da ita a kan siminti, mata na waƙa suna tafi. Elisha ya ce uban ya danne ƙafafunta. Ya danne. Aka yi ta tsula mata wayar wuta, sannan aka ɗura mata ruwan barkono a ido.

"Baba! Baba!"

Muryar da ya yi wata biyu yana roƙon Allah ya ji ke nan. Hannunsa ya saki.

"Kada ka sake ta!" Elisha ya daka masa tsawa. "Ruhun ne ya ari bakinta!"

Titus ya runtse ido, ya ƙara dannewa.

Da suka koma gida, Luba maƙwabciyarsu tana shanya a tsakar gida. Ta ga idanun yarinyar sun kumbura suntum, bayanta duk shatar duka.

"Baban Dokas, wane marar imani ne ya yi wannan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta goya yarinyar, ta tari mai babur sai asibiti, Titus na biye da su a ƙasa.

Likita ta ce idon hagu ya riga ya mutu. Shirun kuwa, ta ce, firgici ne, yakan sami yaron da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, kuma da rarrashi yake warkewa.

Kafin 'yan sanda su isa rumfar, Elisha ya kwashe nasa ya nasa ya gudu. Rut, yayar marigayiyar, ta zo ta tafi da Dokas gidanta a Lambata. Titus da kansa ya haɗa mata kaya.

Yanzu shekara guda ke nan. Dokas ta shiga makaranta, tana hira da kowa, har waƙa take yi a coci. Duk Asabar Titus yakan je. Da ta hango shi sai ta yi tsit, ta koma bayan Rut ta riƙe zanenta. Yakan zauna a kan benci har la'asar, ya yi wa Rut sallama, ya nufi tasha.