Ranar da Abdulrahman Ya Zo Na Ɗaya

Kwas ɗin kwamfuta na mako biyu kacal Malam Sirajuddeen ya yi a Birnin Kebbi, amma tun da ya dawo Gwandu kunnen kowa bai huta ba. Ko gajiya ka yi masa sai ya sako maka kwamfuta a cikin amsa. A ƙaramar sakandaren da yake koyarwa na'ura huɗu ce, ɗaya ke tashi, ita ma sai an lallashi janareto. Duk da haka in ka ji shi a ɗakin malamai sai ka rantse shi ya ƙera ta. Ba abin da yake so a duniya kamar sunan da aka laƙaba masa, Malam Kwamfuta, kuma maganarsa kullum ɗaya ce: "Na'ura ba ta ƙarya."

A zangon nan jadawali yake koya wa 'yan aji biyu: ga layin tsaye, ga layin kwance, ga gidajen da ake zuba suna da lamba. Yara arba'in da bakwai a kan allo ɗaya, na baya sai dai su ji labari. Ana haka aka aiko cewa za a yi gasar kwamfuta a Kalgo, kowace makaranta ta turo wanda ya fi kowa maki a gwaji. Malam ya ce madalla, yau za a ga aiki, har shugaban makaranta ya gayyato ya tsaya bakin ƙofa.

Ya zuba sunaye yadda suke a rajista, daga Abdulrahman har Ummulkhairi, kowa da makinsa a gefe. Sannan ya ja linzamin kwamfutar ya shafe layin maki shi kaɗai, wato ya zaɓe shi ban da sunayen, ya ba da umurnin a jera daga babba zuwa ƙarami. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci. Malam bai karanta ba, ya danna zaɓin ƙasa, don a Birnin Kebbi ya taɓa ganin wani ya danna na ƙasa.

Kai jama'a! Sai ga Abdulrahman a sama da casa'in da huɗu. Abdulrahman ɗan ƙauyen Maruda fa, wanda ba a gama kiran rajista ba yake fara gyangyaɗi. Can ƙasa kuwa Ummulkhairi ce da sha ɗaya.

Yarinyar ta miƙe, takardar gwajinta a hannu, ga casa'in da huɗu da jan biro, rubutun Malam ɗin kansa.

"Malam, makin kaɗai suka tashi, sunayen suna nan inda suke."

Ya dubi allo. Shi ma ya gani sarai. Sai dai shugaban makaranta na bakin ƙofa yana gyaɗa kai cikin sha'awa.

"Ke kin fi na'ura sani?" in ji Malam. "Kawo takardar nan, zauna!"

Aji ya kwashe da dariya. Ta zauna ta kifa kai a benci tana kuka, shi kuwa ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

Gaskiya ya yi niyyar gyarawa washegari a ɓoye. To amma labari ya riga shi, ya hau babur ya kai Maruda. Da sassafe sai ga Malam Mamman, mahaifin Abdulrahman, da zabi biyu da rabin buhun albasa.

"Malam, Allah shi saka da alheri," in ji dattijon. "Shekara takwas malamai na ce mini wanga yaro ba ya ja, ashe son kai ne. Sai da na'ura ta zo gaskiya ta fito."

Mi za ka ce wa mutumin da idonsa ya cika da ƙwalla? Malam ya ce ai yaron dama akwai ƙwaƙwalwa. Kafin la'asar zabin sun shiga tukunya, kuma wanda ya ci zabo ba shi da bakin gyara jadawali.

Ranar Asabar suka shiga mota sai Kalgo, shi da shugaban makaranta da Abdulrahman, wanda aka ɗinka wa sabon yunifom. Zauren gasar kwamfuta talatin ne, duk a kunne, abin har ya ɗan tsorata Malam. Alƙaliyar gasar, wata Malama Mufida, ta ba da aikin farko: ga sunaye ga maki, a jera daga babba zuwa ƙarami.

Allah sarki Abdulrahman! A duk zamansa na aji biyu wannan ne darasi ɗaya da ya kalla ido buɗe, tunda shi ya fitar da shi kunya. Ya shafe layin maki, akwati ya fito, ya danna na ƙasa, ya ɗaga hannu tun sauran yara na karanta tambaya. Malam ya manta da komai don daɗi, ya miƙe yana zungurar malaman wasu makarantu: "Ɗalibina ne, ni na koyar da shi!"

Malama Mufida ta haska aikin yaron a bango kowa ya gani. Sannan ta ɗauki lasifika.

"Yaro, ka raba kowa da makinsa. Wanda ya ci ka kayar da shi, wanda ya faɗi ka ɗora shi sama. Wa ya koya maka haka?"

Abdulrahman ya washe baki, ya juya ya nuna da yatsa.

"Malam Kwamfuta, ga shi can tsaye. Haka ya yi ranar da na zo na ɗaya."

Zauren ya ɗauki dariya har da masu buga tebur. Shugaban makaranta kaɗai bai yi ba. Ya juyo a hankali ya miƙa hannu.

"Malam Sirajuddeen, ba ni takardar yarinyar nan."

Tana nan a aljihun rigar, a ninke yadda ya cusa ta.