Kunu a Kwance

Ran Litinin ɗin farkon wata aka liƙa takardar Labaran Ma'aikata a allon ofishin Ƙungiyar Madogara da ke Gwandu. Ƙungiya ce mai kula da tsofaffin da ciwo ya kwantar a gidajensu, yawancinsu masu shanyewar ɓarin jiki. Takardar ta ce Ummukulthum ta dawo daga hutun haihuwa, an gyara rijiyar ofis, kuma za a buɗe reshe a Kalgo. Layin ƙarshe ne ya tara mata a gaban allon: an naɗa Tasalla shugabar masu jinya ta sabon reshen, sannan duk masu jinya za su je Kalgo bita ta kwana uku, irinta ta farko tun da aka kafa ƙungiyar.

Naɗin bai ba kowa mamaki ba. Shekarar Tasalla goma sha huɗu a wannan aiki. Ba ta yi makarantar jinya ba, a jikin mahaifiyarta ta koya, wadda ta shekara biyu kwance kafin ta rasu. Duk wadda aka ɗauka aiki sai ta bi Tasalla wata guda, gida gida, tana kallon hannunta. Abin da ta fi suna a kai kuwa shi ne ciyarwa. Tsohon da ya ƙi ci a hannun 'ya'yansa, in Tasalla ta zo sai an ga gindin kofi.

Suka isa Kalgo su goma sha ɗaya, a motar ƙungiya, ta hanyar Birnin Kebbi. Mai koyarwar wata nas ce 'yar Zuru, sunanta Rahila, doguwar mace mai magana a hankali. Ranar farko ta koyar da juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo. Tasalla ta ji daɗi, don yawancin abin da aka faɗa ta daɗe tana yi.

Da hantsin rana ta biyu Rahila ta ce, "Yau ciyarwa za mu yi. Kafin in ce komai, ina son wata ta nuna mini yadda kuke yi."

Ɗaki ya ɗauka da murya ɗaya: "Inna Tasalla!"

Ta tashi tana dariya, tana gyara mayafi. Aka shimfiɗa tabarma, Ummukulthum ta kwanta a matsayin majinyaciya. Tasalla ta durƙusa a kanta, ta zare matashin kai ta ajiye gefe, ta sa tafin hannu a goshinta ta ɗan karkata kan baya.

"Kin gani, Malama, in kai ya yi baya, abinci shi ka gangarawa da kansa. Kuma kunun a tsinka shi ƙwarai, kamar ruwa. Mai kauri wahala yake ba su. Sai ki ɗauki ludayi ki riƙa zubawa a gefen baki, kada ki tsaya, in kin tsaya gajiya suke."

Ta ɗaga ludayin da ba komai a ciki ta kai bakin Ummukulthum.

"Tsaya," in ji Rahila.

Tasalla ta ɗago. Fuskar Rahila ta canza gaba ɗaya, alƙalamin allo na hannunta a buɗe, ta manta da shi.

"Mama, tun yaushe kike yin haka?"

"Tun da na fara."

"Su wa kuma ke yin haka a cikinku?"

Hannu tara suka tashi. Ummukulthum ma daga kwance ta ɗaga nata.

Rahila ta ja kujera ta zauna har sai da dariyar da ta rage a ɗakin ta mutu. Sannan ta je allo ta zana bututu biyu a jere.

"A maƙogwaro hanya biyu ce. Wannan ta ciki, wannan ta huhu. Mai lafiya in zai haɗiye, ƙofar huhu takan rufe da kanta. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa ƙofar nan ta yi nauyi, ba ta rufewa da wuri. In yana kwance, kansa a baya, abin kuma tsinkakke mai gudu, to ya riga ƙofar. Huhu yake shiga."

Wata daga baya ta ce, "Amma ai da sun ƙware sun yi tari."

"Wasu suna yi. Wasu ko tari ba sa iyawa. Sai ki ga kofi ya ƙare, ki yi murna. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, ƙirji ya fara ƙara, numfashi ya yi sama. Ciwon huhu ke nan. Tsoho mai rauni, yana iya tafiya da shi."

Ba wadda ta kalli allo. Tasalla suke kallo, ita kuma tana durƙushe inda take, ludayi a hannu.

"Kwana nawa kinka ce?" Muryarta ta fito kamar ba tata ba.

"Biyu, uku. Wani lokaci ya fi haka."

Tasalla ta ajiye ludayin a kan tabarma a hankali, ta miƙe, ta fita ba takalmi.

A gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin taron Rahila ta same ta zaune a ƙasa. Ba kuka take ba. Idonta a bushe yake, a buɗe, tana kallon tafin hannunta.

"Inna Laraba ta Gwandu," in ji Tasalla, ba ta ɗago ba. "Ran Alhamis na ba ta kunu ta shanye, 'ya'yanta har suna sa mini albarka. Lahadi zazzaɓi, Talata munka yi jana'iza. Hajiya Rabi, hakanan. Malam Muzzammil mai ɗinki, ƙirjinsa kamar ana tafasa ruwa. Mun ce ajali." Ta ɗago ta dubi Rahila. "Mahaifiyata ma da zazzaɓi ta tafi. Malama, faɗa mini tsakani da Allah. Ni na kashe su?"

Rahila ta zauna kusa da ita a ƙasa.

"Ba zan ce miki a'a don ki ji sanyi ba, Mama, kuma ba zan ce e ba, don ban sani ba. Masu wannan ciwo suna kamuwa da ciwon huhu ko an yi komai daidai. Abin da na sani, yadda kike yi yana ƙara haɗarin sosai. Kuma ba wanda ya taɓa nuna miki wata hanya."

"Ni kuwa na nuna wa kowa tawa."

Tana rufe baki ta zabura, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba Tambari!"

Baba Tambari wani dattijon manomi ne a Dalijan, wata biyar da shanyewar jikinsa. 'Yarsa Hauwa'u ke jinyarsa, kuma Tasalla ce ta zauna da ita kwana uku tana koya mata ciyarwa. Tasalla ta laluba waya. Sau biyu ba ta shiga ba, a na uku Hauwa'u ta ɗauka.

"Hauwa'u, kin ba Baba kunun rana?"

"Yanzu nake tsinka shi, Inna. Tun jiya dai jikinsa da zafi, ƙirjin na ɗan ƙara, shi ya sa na ce in ƙara ruwa don shi wuce da sauƙi."

"Aje! Aje kofin nan! Kada ki ba shi komi, ko ruwa. Ki tada shi zaune, ki jingina shi da bango. Ga mu nan tafe."

"Inna, mi ya faru?"

"Ki yi abin da na ce, don girman Allah."

Malam Abdulaziz, shugaban ƙungiyar, yana bakin ƙofa ya ji komai, tun daga zanen allo. Bai yi tambaya ba, ya ce wa direba ya tada mota. Rahila ta ɗauki jakarta, ita da Tasalla suka shiga, aka bar sauran mata zaune jugum.

Tafiyar ta fi awa. Malam Abdulaziz ya juyo sau ɗaya, bayan sun wuce Birnin Kebbi, ya tambayi gidaje nawa ke ciyarwa haka yanzu.

"Duka," in ji Tasalla. "Arba'in da uku."

Ya cire hula ya riƙe a hannu, bai sake juyowa ba.

Sun tarar da Baba Tambari a jingine da bango, bakinsa a buɗe, numfashinsa na fita da ƙara. Rahila ta sa abin sauraren ƙirji a bayansa, ta saurara dama da hagu, ta ce asibiti yanzu yanzu. Maƙwabta suka kama aka sa shi a mota, a zaune. Hauwa'u ta tsaya a tsakar gida da kofin kunun a hannu, tana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Rahila ta buɗe baki za ta yi bayani, Tasalla ta riga ta.

"Hauwa'u, yadda na koya miki ba daidai ba ne. Kunun huhunsa yake shiga. Shi ne zazzaɓin nan."

Hauwa'u ta dube ta kamar ba da Hausa ta yi magana ba.

"Inna, ke kinka zare matashin da hannunki. Na ce miki yana tari, kinka ce in ci gaba, zai saba."

"Na faɗa."

"Wata biyar. Sau uku kullum. Da hannuna nake zuba wa Babana..." Kofin ya suɓuce, kunun ya malale a ƙasa kamar ruwa. Ta wuce Tasalla ta shiga mota, ta zauna gefen mahaifinta, har suka isa Gwandu ba ta kalli inda Tasalla take ba.

Washegari da safe Tasalla ta shiga ofishin Malam Abdulaziz ta ce a cire sunanta daga naɗin, in ma kora ce ta yarda.

Ya daɗe yana murza goshi. "In na kore ki, ni wa zai kora? Shekara goma sha huɗu ina tura ku gidajen mutane, ban taɓa kawo wanda ya sani ya duba hannunku ba. Rahoto nake rubutawa ina cewa tsofaffinmu suna ci." Ya ɗago ya dube ta. "Wannan laifi a wuyana ya fi nauyi."

"To ba ni zama kujerar Kalgo sai na zaga gidajen nan."

"Ai tun jiya an kira su duka a waya."

"Waya ba ta warware abin da hannu ya koyar, Malam. Ni sunka gani na yi. Sai sun gan ni ina yin wani."

Aka ƙara wa bitar kwana biyu. Rahila ta sa kowacce ta ciyar da 'yar'uwarta a gabanta: a zaune a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, kunu mai kauri, ƙaramin cokali, a jira haɗiya kafin a ƙara, a goge baki, a bar mutum zaune rabin awa bayan ya gama. Tasalla ce ta fi kowa shan gyara. Hannunta ya saba, da ta ɗauki cokali sai ya nufi goshi da kansa. Sau huɗu Rahila na kama wuyan hannunta a gaban 'yan matan da ita ta koya wa aikin.

Sati uku ta yi tana zagaye. A kowane gida kafin ta zauna takan faɗi magana ɗaya: abin da na koya muku kuskure ne, na zo in gyara. Wasu suka ce ba komai, mutum ajizi ne. Wata tsohuwa ta yi ta faɗa, ta ce kwanciyarta ta fi mata daɗi. Tasalla ta kuma je gidajen da majinyatansu suka riga suka rasu, abin da ba wanda ya sa ta. Babban ɗan Inna Laraba ya saurare ta a zaure har ta gama, ya ce, "Da kin bar mu da abin da munka sani." Ya shige gida ya bar ta tsaye.

Baba Tambari ya kwana tara a asibiti, Allah ya yi da sauran shan ruwansa, aka sallame shi. Dalijan ce gidan da Tasalla ta bari na ƙarshe, don tsoro. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa. Hauwa'u ta shimfiɗa mata tabarma ta gaishe ta a taƙaice, ta koma gaban mahaifinta da ke jingine da buhun gero da matasai biyu. A asibiti an riga an nuna mata. Ta ɗebo rabin cokali ta ba shi, ta zuba wa maƙogwaronsa ido har ya motsa, sannan ta ƙara.

Tasalla ta zauna tana kallo, hannayenta a matse tsakanin gwiwoyi. Rabin kofi ya ci kusan minti arba'in.

"Haɓarsa," in ji ta a hankali. "Ta ɗan ƙara yin ƙasa."

Hauwa'u ta tsaya da cokali a sama. "Wa ya ce?"

"Malama Rahila."

"Kira ta in ji da kunnena."

Tasalla ta ciro waya ta kira, ta miƙa mata. Hauwa'u ta saurara, ta yi tambaya biyu, ta maido wayar. Sannan ta sa yatsa ta gyara haɓar tsohon, ta ci gaba da ba shi. Ran Litinin Tasalla ta kama aiki a Kalgo.