Ƙofar da Dobrila Ta Fasa

Dangar waya ce kawai tsakanin gidana da na Dobrila a bayan garin Kraljevo, shi ya sa babu abin da ya wuce ni a rigimar ɗan ginin da aka yi a bayan gidanta.

Dobrila tana da ƙane guda, Ratko, direban babbar mota, wanda ciwon suga ya ci wa ƙafar hagu har aka yanke ta daga gwiwa. A can saman wani bene marar lifta, wanda sai an hau matakala, yake zaune cikin gari, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ranar da aka yi aikin, Dobrila ta dawo daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba ta ce wa mijinta Milisav za a gina wa Ratko ɗan gida a bayan nasu, inda take shuka barkono. Ɗaki ɗaya, kicin da banɗaki, komai a ƙasa.

Milisav bai yi musu ba, duk da kowa ya san shi da Ratko ba sa ga maciji. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa ba shi da abin yi sai kiwon tattabaru, don haka ya ce ta bar masa ginin. Shi ya nemo izini, shi ya kawo magini. Ita kullum tana hanyar asibiti da kwanon miya, in ta dawo a gajiye sai dai ta hango bango yana tashi ta tagar kicin.

Ni da nake shanya kusa da danga na ga an ɗaga daɓen sama, an yi masa matakala, ƙofar kuma 'yar siririya. Ƙarƙashin rufin an bar wasu ƙananan ramuka a jere.

Na ce, "Maƙwabci, wannan ƙofa ta wa ce? Ta mage?"

Ya ce, "Ƙasar nan danshi gare ta. Ki ji da kajinki."

Da yamma na gaya wa Dobrila. Washegari ta dawo da keken guragu na aro, ta tura shi ta tsakar gida har gindin matakalar, ta ciccibe shi sama, ta danna a bakin ƙofar. Tayoyin keken suka cije a bango hagu da dama.

"Milisav! Fito!"

Ya fito yana goge hannu.

"Shiga ka zauna. Zauna mana, in ga yadda za ka wuce!"

"Ke mace, rage murya. Ai ana iya ɗaga shi a shigar."

"Wa zai ɗaga shi? Kai da ko buhun dankali sai ka riƙe baya? Waɗancan ramukan na sama fa? Ratko ne zai riƙa fita ta nan yana shawagi?"

"Na shan iska ne."

"Na tattabarunka ne, tsohon banza! Na tumɓuke barkonona, ina can ina wanke wa ƙanena miki, kai kana nan kana gina wa tsuntsaye fada!"

Nan Milisav ma ya harzuƙa. "To an tambaye ni? Mutumin da ya kira ni rago a gaban baƙi ranar bikin ɗiyata, shi zan buɗe ido in gani kullum a bayan gidana? Gidan ubana ne!"

Dobrila ta shiga rumfar kayan aiki ta fito da babbar guduma. Mace ce da ta ba sittin baya, amma bugun farko sai da bulo ya tsage. Ta yi ta dukan gefen ƙofar tana zagi, ƙura ta rufe mata gashi, Milisav yana zagaye ta yana ihun bangon zai faɗo. Ba ta ajiye gudumar ba sai da keken ya wuce.

Ranar Lahadi aka sallamo Ratko. Ta sa mai tasi ya kawo shi kai tsaye, ta shimfiɗa katako a kan matakalar, ta turo shi ciki da alfahari. Ya dubi fasasshen bango, ya dubi gado, ya dubi labulen da ta ɗinka.

"Wannan na wa ne, Yaya?"

"Naka."

"Nawa? Wa ya ce ina so?" Muryarsa har titi. "Ƙafa aka yanke min, ba kai ba! Kin taɓa tambayata? A ajiye ni a bayan gida kusa da kejin kaji, ana miƙo min miya ta taga? Tun ina asibiti na yi musaya da mutanen ƙasan benenmu, su hau sama in sauko. Da kin bar ni na yi magana sau ɗaya da kin ji."

Sai Milisav ya yi kuskuren da ya fi na ƙofar: ya tuntsire da dariya.

Kafin tasin da ta juya da Ratko ta kai kwanar titi, Dobrila ta fara watso kayan Milisav ta taga. Riguna, takalma, reza, har hularsa ta jirgin ƙasa.

"Ka gina, sai ka shiga!"

A ɗan gidan Milisav ya yi sanyin bana. Da farko bargo ya rataya a fasasshiyar ƙofar, da dusar ƙanƙara ta matsa masa ya sa ƙofa daidai faɗin ɓarnar, ya fasa matakalar ya zuba gangare na siminti, wai don baron itacensa.

Yanzu duk Lahadi tasi tana sauke Ratko. Yana gaida yayarsa daga tsakar gida, ya gangara baya wurin mijinta. Su zauna da kwalba da karta, suna zagin juna, in sun gaji su haɗu su yi da ita. Dobrila tana jin su sarai. Takan dafa abincin mutum uku, ta dangwarar da tukunyar a bakin ƙofarsu har miya ta fantsalo, ta zo danga tana huci ta ce min, "Kin ji su ko? Kin ji marasa kunya?"