Jan Layi a Kwamfutar Gunadi

"Ba wannan ba, Mbah. Sifili na ce, amma harafin O ka sake dannawa," in ji Gunadi.

Mbah Sarju ya janye yatsansa daga maɓallin kwamfutar kamar ya taɓa garwashi. Ya kusantar da fuska, ya ƙura wa alamun biyu ido.

"Duk ƙwai ne. Ɗaya dai kazarsa ta fi ƙoshi."

"To, siririn nake so."

Gunadi na kwance a gadon da aka ɗora bisa bulo saboda ruwan teku da ke shigo musu unguwa duk cikar wata. Ciwon hanta ya mayar da idanunsa ruwan ɗorawa, hannuwansa ko cokali ba sa riƙewa. Shi ya sa ya sa aka kira masa maƙwabcinsa da ake ce wa Mbah, wato kaka, tsohon da bai yi nisa a makaranta ba, wanda kan wuni a bakin kwata yana kallon yadda ƙaguwa ke tafiya a karkace.

Wata manhajar lissafi ce Gunadi ya daɗe yana kula da ita kyauta, ana aiki da ita a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Kwanan nan aka gano tana ba da amsar ƙarya. Ya kwatanta wa tsohon abin da layinsu na nan birnin Semarang: dogon jerin lambobi, yawancinsu sifili, kamar gidajen da masu su suka gudu suka bar wa ruwa. Manhajar ba ta tsayawa a kango, sai ƙofar da ke da mutum. Amma in wani ya tashi ana cikin zagayen, sai ta tsallake na kusa da shi, ta wuce kamar babu shi a duniya.

Wannan ya tsaya wa Mbah Sarju a rai.

"Shi wanda aka tsallake ɗin, ya sani?"

"Lamba ce fa, Mbah."

"Na ji. Ya sani?"

"Bai sani ba. Wanda zai auna ƙarfin gada da ita ma ba zai sani ba. Kuma babu wanda ya san wannan lungu nata sai ni."

Tutik, yayar Gunadi, ta shigo da kunun shinkafa, tana tattare zaninta daga jiƙaƙƙen daɓe.

"Mai keke na jira ya fitar da kai titi, mu wuce asibiti. Ka rabu da akwatin nan. Kai ma Mbah, da furfurarka ka biye masa?"

"Ni aron hannu aka yi, 'yata."

"Saura kaɗan, Yaya," in ji Gunadi.

"Tun kana yaro kake cewa saura kaɗan. A banɗaki ma haka kake ce mana."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa, ya ci gaba da faɗa harafi-harafi, tsohon na nema yana dannawa. Muryar na ta yin ƙasa, har sai da Mbah Sarju ya kai kunnensa bakin matashi. Akwai wata kalma da bai ji sosai ba. Ya so ya tambaya, ya ga yadda ƙirjin ke hawa da ƙyar, sai ya danna abin da ya yi zato.

"Yanzu babban maɓallin," in ji Gunadi. "Za ta gwada kanta. In komai ya fito kore, ka danna na gefensa, gyaran ya tafi. In ja ya fito, ka karanta mini. Bari in ɗan rufe ido."

Rubutu ya fara gudu sama, kore bayan kore. Mbah Sarju ya shagala. Sai ya ga kamar shukar shinkafa ce ke fitowa layi-layi a gonar da babu manomi. Bai ji lokacin da Tutik ta ajiye cokalin kunun ba.

"Gun," in ji Tutik, tana kiran ƙanenta. "Gun."

Ta yi salati a hankali. Ta shafe wa Gunadi idanu, ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure masa haɓa, ta jawo zanen da ke ƙafarsa ta rufe shi har ka.

A lokacin rubutun ya tsaya. Duka kore, sai layi ɗaya can ƙasa, ja.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ko kunnensa ne ya ci amanarsa, ko kan Gunadi ne ya riga ya gaji, babu wanda zai tambaya.

"Mbah, ka je masallaci a sanar," in ji Tutik, ba ta juyo ba.

"To, 'yata. Yanzu."

Ya jawo kujerarsa jikin gadon, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin jan layin. Ya sunkuya daidai inda kunnen Gunadi yake a ƙarƙashin zanen, ya fara karantawa, harafi ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya riga ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, yana taɓa masa diddige.